RIƘON ƊAN WANI

 Na san tun daga jin kalmar ƙwallo wata za ta ce, to ita kuma wannan me ya kai ta, mu da ko tamaular da yaranmu ke bugawa a lungu ba mu san kanta ba, balle wata ƙwallon Amurka? Ki yi haƙuri ki biyo ni 'yar uwa, ba dokokin wasa zan koya miki ba. Labarin wani mutum nake so mu duba tare, domin akwai wata tambaya a cikinsa wadda duk macen da ta taɓa riƙe ɗan da ba ita ta haifa ba, ko ta taɓa miƙa nata ga hannun wani, ta san nauyinta. Idan aka damƙa wa mutum 'ya'yan mutane, aka kuma ce masa an ɗauke shi aiki ne domin ya ciwo nasara, wanne ya fi hawa wuyansa, nasarar ko 'ya'yan?

Ita dai wannan ƙwallo ba irin tamu ba ce. Siffarta kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta ana gudu ana jefawa, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗa saboda karo da kayarwa su ne rabin wasan. Abin da zai ba ki mamaki shi ne a can jami'o'i ne ke rainon 'yan wasa. Yaro ɗan shekara 18 zai gama sakandare, koci ya zo ko ya aiko har gidansu, a zauna da uwarsa a ce ta ba da shi, jami'a za ta ɗauki nauyin karatunsa da cinsa da makwancinsa, shi kuma ya buga mata wasa. Daga nan ne manyan ƙungiyoyi 32 na ƙasar suke zaɓar waɗanda za su ɗauka aikin kuɗi, kuma waɗanda ke samun shiga ba su kai 2 cikin 100 ba. Wato kocin jami'a a Amurka ba mai busa usur ba ne kawai, uban riƙo ne na yara kusan 100, waɗanda da yawansu wannan gurbin shi ne kaɗai hanyarsu ta shiga jami'a.

Mutumin sunansa Deion Sanders, baƙar fata ne, an haife shi a 1967 a garin Fort Myers ta jihar Fulorida. Yana ƙarami auren iyayensa ya mutu, uwarsa ta sake aure, ya tashi a gidan mijin uwa, agola ke nan a bakinmu. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. Uwar tana aikin shara da goge-goge a wani asibiti. Shi da bakinsa ya faɗa a 2011, ranar da aka shigar da sunansa cikin jerin gwanayen wasan na har abada, a gaban dubban jama'a uwar tana zaune tana ji, cewa lokacin yana yaro kunyar aikinta yake yi. Abokan wasansa 'ya'yan likitoci ne da masu hali, kuma wani abokinsa ya taɓa ganinta tana tura keken kayan shara ya zo ya yi masa dariya. Ya ce tun ranar ya ɗaura aniyar sai ya yi arzikin da ba za ta sake yi wa kowa aiki ba. Allah sarki uwa! Tana can tana goge ƙazantar marasa lafiya domin ya ci ya sa sutura, shi yana nan yana ɓoye ta. Ni dai ban ga laifin yaro ƙarami da ya ji kunya ba, yarinta ce, amma na jinjina wa babban da ya iya tsayawa ya tona kansa. Kuma ya cika alƙawari, domin da kuɗi suka zo ya gina mata gida ya hutar da ita.

Allah ya ba shi gudu kamar barewa. Ya yi wasa a jami'ar jihar Fulorida, a 1989 ƙungiyar garin Atlanta ta ɗauke shi, shi ne na 5 a zaɓen duk ƙasar. Aikinsa tsaron baya ne, wato ya manne wa wanda ake so a jefa wa ƙwallo ya hana shi cafewa, in ya samu dama ya cafe da kansa, kuma sau 53 yana yin haka a shekara 14 da ya yi yana wasa. Ya ci kofin ƙasa sau 2 a jere da ƙungiyoyi daban-daban, San Francisco a kakar 1994 da Dallas a kakar 1995. Bai tsaya nan ba, yana kuma buga besbol, wasan da ake maka ƙwallo da kulki, har ya buga wasan ƙarshe na cin kofinsa a 1992, abin da ba a taɓa samun wanda ya haɗa su biyun ba sai shi. Kirarinsa Prime Time, wato lokacin nan na dare da kowa ke zaune gaban talabijin. Sarƙoƙin gwal, baƙin gilashi, rawa in ya ci, ga baki kamar reza. Ya sha faɗa cewa da gangan ya ƙirƙiro wannan ƙwalisa tun yana ɗalibi, domin ya lura masu tsaron baya ba a biyansu da tsoka, sai wanda ya sa aka san da shi. Dabarar ta ci, a 1995 Dallas ta sa masa hannu a kan dala miliyan 35. Amma zuma da zaƙi da harbi. A 1997, yana tsakiyar daula, aurensa na fari yana rushewa, ya nemi ya halaka kansa da mota, Allah ya yi da sauran kwana. Shi ya rubuta haka a littafin tarihinsa, ya ce daga nan ya koma ga addininsa na Kirista.

To ga inda maganata ta fara. Ɗan wasa jarinsa jikinsa ne. In ya hana kansa barci, in ya yi wasa da ciwo, in ya tallata kansa, in ya raina abokin karawarsa domin ya karya masa zuciya, duk a kansa abin yake ƙarewa, riba tasa, asara tasa. Son kai a wurin ɗan wasa har ado ne, da shi ake zama gwani. Amma ranar da ya ajiye hular kwano ya rataya usur, jarin ya canza hannu, ya koma jikin 'ya'yan wasu da shekarunsu huɗu ko biyar waɗanda ba sa dawowa. Halin da ya kai shi sama yana nan bai je ko'ina ba, sai dai yanzu a kan wasu zai sauka. Kuma akwai wata matsala ta gwanaye da mu mata muka fi kowa sani. Ki duba macen da Allah ya ba hannun girki, sau da yawa ita ce ba ta iya koyarwa ba, yarinya tana fara tuƙa tuwo ya yi gudaji sai ta fizge muciyar ta ce matsa can. Ba mugunta ba ce, ita ba ta taɓa sanin wahalar abin ba, don haka ba ta gane me ya sa wani zai kasa. Wanda aka haifa da gudun barewa, da wane ido zai kalli yaron da ya yi iya ƙoƙarinsa amma aka wuce shi?

Bayan ya bar wasa a ƙarshen kakar 2005 ya yi shekaru yana sharhi a talabijin. A 2012 ya haɗa hannu da wani suka buɗe makaranta a jihar Tekzas, ta rufe a farkon 2015 cikin rikicin kuɗi da na shugabanci, yara suka watse ana tsakiyar shekarar karatu. Daga baya ya koyar da wasa a wata sakandare inda 'ya'yansa maza suke. Sai a watan Satumba na 2020 jami'ar Jackson State da ke jihar Misisipi ta ɗauke shi babban koci.

Sai kin san wace ce wannan jami'a kafin ki gane abin da ya biyo baya. Bayan an 'yanta bayi a Amurka, an daɗe ana hana baƙar fata shiga jami'o'in Turawa, musamman a kudancin ƙasar, sai aka kafa musu nasu. Jackson State tana cikinsu, asalinta tun 1877. Irin waɗannan makarantu su suka yaye likitoci da malamai da lauyoyin baƙar fata tsawon zamani, kuma a da su ke fitar da zaratan 'yan wasa. Da aka buɗe ƙofar manyan jami'o'i masu kuɗi, sai zaratan yaran suka koma can, aka bar na gida da tsofaffin gine-gine da ƙaramin asusu. Misisipi kuwa tana cikin jihohin da suka fi talauci a ƙasar. Don haka da mutum irin Sanders ya zo, ya kuma tsaya a gaban jama'a ya ce Ubangiji ne ya kira shi zuwa wurin, mutane ba su ɗauke shi ma'aikaci ba, sun ɗauke shi ɗa ne da ya yi arziki a birni ya dawo gida.

Kuma gaskiya ya yi aiki, wanda ya ce bai yi ba ya so zuciyarsa. Albashinsa wajen dala 300,000 ne a shekara, abin da bai kai kuɗin cefane ba a wurin irinsa, a 2022 ma ya ba da rabi domin a ƙarasa gyaran ginin 'yan wasa. Cikin wasa 33 ya ci 27. Ya ɗauki kofin yankinsu a 2021 da 2022. Filin da ya saba zama da gurabe ya koma ɗaukar mutum fiye da 42,000 a kowane wasan gida a 2021. A watan Disamba na shekarar ya yi abin da ya girgiza ƙasar, ya shawo kan wani yaro Travis Hunter, wanda ake ganin ya fi duk 'yan sakandaren Amurka iya wasa, ya fasa zuwa babbar jami'ar Fulorida ya zo Jackson. Duk wannan yana yi ne da ciwo, domin a 2021 jini ya daskare masa a jijiyoyin ƙafa har aka yanke masa yatsu 2 na ƙafar hagu, ya dawo bakin fili a keken guragu. Mutumin da ƙafa ta yi wa arziki! A ƙarshen watan Agusta na 2022 kuma ruwan famfo ya ɗauke a birnin gaba ɗaya bayan ambaliya ta lalata matatar ruwa, sai da ya nemo wa yaransa masauki a otal domin su samu na wanka.

Ranar 3 ga Disamba 2022, daren da suka ɗauki kofi na biyu, ya tara yaran ya gaya musu zai tafi. Jami'ar Kolorado ce ta kira shi, a garin Boulder da ke gindin duwatsu, garin masu hali wanda yawancin mutanensa Turawa ne. Dala miliyan 29 da rabi a shekara 5, kusan ninki 20 na abin da yake karɓa. Ya tafi da ɗansa Shedeur, da Travis Hunter, da wasu zaratan, da wasu daga cikin mataimakansa.

Nan fa baƙar fatar Amurka suka rabu biyu. Wasu suka ce cin amana ne, ya taka bayan talakawa ya hau, da ya hango inuwa mai sanyi ya tsallake. Wasu suka ce haba, kociyoyi Turawa kullum suna barin ƙaramar makaranta zuwa babba ba mai cewa uffan, sai baƙi ne za a ce dole ya dawwama a inda ba ruwan famfo? Shi kansa ya ce wa yaran a wannan sana'a ko dai a ɗaga ka sama ko a kore ka, ba zama. Ni a nawa ganin tafiyar ba laifi ba ce. Ba mu da ikon ɗaure mutum da alherin da ya yi mana, mu ce tunda ka fara sai ka mutu a kai, in muka yi haka gobe ba mai farawa. Kuma bai bar gidan a rushe ba, mataimakinsa T.C. Taylor, tsohon ɗalibin makarantar, shi ya gaje shi, har a 2024 ya ciwo babban kofin jami'o'in baƙar fata wanda Sanders ya je wasan ƙarshensa sau 2 yana faɗuwa. Inda na tsaya masa shi ne bakinsa. Da ya ce na zo aiki na shekara kaza, da ba wanda zai ji ciwo. Amma wanda ya sa sunan Ubangiji a cikin zuwansa ya ɗora wa kansa kayan da kwangila ba ta ɗora masa ba, domin uwar da ta miƙa ɗanta ba takardar kwangila ta karanta ba, maganarsa ta ji. Alƙawari kaya ne ko da ba a ce na yi alƙawari ba, muddin ka bar mutum ya gina rayuwarsa a kan abin da ka sa ya fahimta.

Duk da haka ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ya faru da ya isa Kolorado shi ne ya tsaya mini a rai.

Ƙungiyar da ya tarar ta lalace, wasa 1 ta ci cikin 12 a 2022. Aka tara masa yaran a ɗaki domin su ga sabon ubansu. Ke a zatonki me zai ce? Sai ya gaya musu cewa yana tafe da kayansa, kuma kayan nasa Louis Vuitton ne, wato akwatuna 'yan ubansu masu tsada, yana nufin yaran da zai kawo. Ya ce su je su shiga rajistar masu neman canjin makaranta, domin duk wanda ya tafi ya buɗe masa gurbi. Aka ɗauki taron a bidiyo aka watsa wa duniya, ana ganin fuskokin yaran sun yi tsuru-tsuru. Kafin a fara kakar 2023 fiye da 50 sun bar wurin, wasu da kansu, wasu an kira su an ce ba a bukatarsu, aka shigo da sababbi fiye da 80. Ba a taɓa ganin sharar gida irin wannan ba a wasan jami'o'i.

Bari in faɗi hujjar masu kare shi yadda take, domin tana da ƙarfi. Sun ce gaskiya ya faɗa, gaskiya kuwa ɗaci gare ta. Wasu kociyoyin murmushi za su yi wa yaro su ce kai namu ne, sannan su ajiye shi a benci shekara 2 har lokacinsa ya ƙare, shi kuwa ya gaya musu tun da wuri domin su nemi inda za su buga. Sun ce doka ta ba shi dama, tun 2021 an sassauta wa 'yan wasa canjin makaranta, kuma wanda sabon koci ya cire yana iya zama ya ƙarasa karatunsa kyauta, wasan ne kawai ya rasa. Sun ce ai ba gidan marayu aka ba shi ba, in bai ci wasa ba shi ma korarsa za a yi. Duk na ji, kuma ban ce ƙarya ba ne.

Amma 'yar uwa ki auna da abin da kika sani. Amarya ce ta tare a gidan da uwargida ta rasu ta bar 'ya'ya, yaran sun yi dauɗa, ba tarbiyya, ba karatu, domin an daɗe ba mai kula da su. Ranar farko ta tara su a tsakar gida, a gaban 'yan kawo amarya, ta ce ku sani ni da nawa 'ya'yan nake tafe kuma sun fi ku, duk wanda ya koma dangin uwarsa ya rage mini aiki. Ko da kowace kalma a ciki gaskiya ce, akwai wadda za ta ce wannan mace ta kyauta? Ana iya raba yaro da gurbi ba tare da an raba shi da mutuncinsa ba. A kira shi shi kaɗai, a kira sunansa, a ce ga inda ka gaza, ga makarantar da za ta dace da kai, bari in buga musu waya. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba ta fi waccan tsada ba sai da ɗan lokaci. Su yaran nan ba su suka lalata ƙungiyar su kaɗai ba, manya ne suka ɗauko su, manya suka kasa koya musu, sannan aka kawo wani babban ya kwatanta su da tsohuwar jaka a idon duniya. A 2024 ɗaya daga cikinsu ya gaya wa 'yan jarida cewa kocin bai taɓa neman ya san shi ba, kuma yadda aka yi abin ya karya wa yara da yawa zuciya. Kin san amsar da ya samu? Ɗan kocin, Shedeur, ya rubuta a intanet cewa shi bai ma tuna da yaron ba. Ni wannan amsar ta fi jawabin akwatin yi mini ciwo, domin ta nuna abin da na gida ya koya daga bakin uba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, mutumin da ya yi wannan shi ne agolan da mijin uwa ya riƙe. Shi ne yaron da aka yi wa dariya saboda uwarsa tana tura keken shara. In akwai wanda ya kamata ya san zafin a auna mutum da tsadar kayansa, ai shi ne. Sai dai na lura wahala iri biyu take yi wa mutane. Wani in ya fita sai ta bar masa tausayin duk wanda ke ciki. Wani kuwa sai ta bar masa cewa ni da ƙarfina na fita, don haka duk wanda ya zauna a ciki shi ya so. Na biyun ya fi yawa a cikin waɗanda Allah ya ba baiwa, domin suna mantawa cewa gudun da suka yi ba su suka saya a kasuwa ba.

Sai maganar ɗan cikinsa. Tun ranar da aka gabatar da shi ga 'yan jarida a Kolorado ya sa Shedeur ya miƙe, ya nuna shi ya ce ga mai jefa muku ƙwallo nan, wato jagoran wasa, kodayake ya ƙara da cewa sai ya nuna ya cancanta. A nan ba zan zalunce shi ba, yaron gwani ne na gaske, kuma bai samu gata a fili ba, domin a 2023 sau 52 ana kayar da shi har ƙashin bayansa ya tsage. Naka sai naka, ba wadda za ta ce ba ta fi jin ɗanta ba, mu daina yaudarar juna. Ba a tambayar mai riƙo ya so ɗan wani kamar nasa, zuciya ba ta karɓar umarni. Abin da ake tambayarsa shi ne mudu ɗaya, wanda ya auna wa nasa da shi ya auna wa na wani. Shedeur ya samu uban da ya koya masa wasa tun yana ƙarami, ya bi shi sakandare, ya bi shi jami'a biyu, ya yi haƙuri da kurakuransa shekara da shekaru. Waɗancan an ba su 'yan watanni. A watan Afrilu na 2025 jami'ar ta jingine lambar rigar Shedeur da ta Hunter, wato ba mai sake sa su, girmamawar da tsofaffin 'yan wasan makarantar da yawa suka ce an yi gaggawarta ga wanda ya ci wasa 13 kacal a shekara 2. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi zaɓen manyan ƙungiyoyi. Ana ta cewa Shedeur zai fita a sahun farko, sai aka yi ta kiran sunaye kwana 2 ba nasa, sai a rana ta uku ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi, shi ne na 144. Ana haska fuskarsa a talabijin yana jira. Ban yi murna ba wallahi, ɗan wani ne shi ma, kuma na san yadda cikin uwarsa ya riƙa juyawa. Amma na ce a raina yau gidan Sanders sun ɗanɗana zaman ɗakin nan na Boulder.

Kada ki ɗauka mugu nake zana miki, da mugu ne da maganar ta yi sauƙi. Wannan mutum yana tilasta wa yaransa zama a sahun gaba a aji da shiga ta kamala. Ya taɓa tara su ya tsayar da matan da ke aiki da ƙungiyar a gabansu, ya ce duk wanda ya wulaƙanta mace ya haɗa kayansa. Akwai wani yaronsa da mahaifinsa ke kurkuku, ranar bikin sallamar 'yan shekarar ƙarshe a 2024, lokacin da kowa ke fitowa fili da iyayensa, shi ya tsaya a gefensa ya raka shi a matsayin uba. Travis Hunter kuwa, da ya karɓi kyautar Heisman a watan Disamba na 2024, wadda ake ba wanda ya fi kowa a wasan jami'o'i, a gaban duniya ya gode masa kamar yadda ɗa ke gode wa mahaifi, kuma shi aka ɗauka na 2 a zaɓen 2025. Ƙungiyar da ta ci wasa 1 ta koma cin 4 a 2023, ta ci 9 a 2024. Wato ya iya riƙo, ya iya shi ƙwarai, amma ga wanda ya zaɓa da hannunsa. Ni kuwa abin da na sani, son yaron da ka zaɓo saboda hazaƙarsa ba shi da wuya, kowa zai iya, domin hasken yaron a fuskarka yake sauka. Riƙon da ake ba mutum lada a kansa shi ne na wanda ka tarar, mai fitsarin kwance, wanda ba zai taɓa sa a tafa maka ba. A nan ne wasan jami'o'in Amurka ya saka kociyoyinsa a tsaka mai wuya, ya ce su shiga ɗakin uwa su yi magana da harshen uba, sannan ya biya su da ma'aunin ɗan kasuwa. Sanders bai ƙirƙiro wannan ba, ya dai yi shi a fili da ƙarar da ta fi ta kowa, kuma tun daga lokacin kociyoyi da yawa sun bi sahunsa wajen sauya rabin ƙungiya a shekara guda.

A watan Maris na 2025 Kolorado ta sabunta masa kwangila a kan dala miliyan 54. A watan Yuli ya fito da likitocinsa ya bayyana cewa an same shi da ciwon daji a mafitsara, an cire ta gaba ɗaya an yi masa wata da hanjinsa, har sai da ya rubuta wasiyya kafin a shiga da shi tiyata. Ya yi maganar lalurar da ta biyo baya ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya roƙi maza su riƙa zuwa asibiti a duba su, abin da na tabbata ya ceci wasu. Da rauninsa ya koma bakin fili. A kakar 2025 ya tsaya a gaban ƙungiya babu ɗan cikinsa ko ɗaya a cikin masu wasa, babu Hunter, duk 'ya'yan wasu ne. Sun buga wasa 12 sun ci 3, kuma da kakar ta ƙare yara da dama daga cikin waɗanda ya zaɓo da hannunsa suka je suka shiga rajistar nan ta masu neman canjin makaranta, wannan karon ba tare da ya ce su tafi ba.